Tafiya Zuwa Dutsen Ƙanƙara

Yau zan kai ka wata ƙasa mai nisa, inda ruwan tabki ke daskarewa lokacin ɗari. Sunan ƙasar Jamus. Ka san sunan, ko don rediyon Muryar Jamus da ka sha ji da Hausa. Labarin tafiya ne cikin mota, mu biyar, daga wani babban birni zuwa gindin dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar.

Akwai dalilin da ya sa na rubuta shi. Kowace shekara in an buɗe aji, sai wani ya ce: "Malam, da girmana mi zan yi da karatu? Ni dai ba aikin gwamnati zan samu ba." Amsar wannan magana tana cikin wannan tafiya. Ka biyo ni a hankali. In ka ci karo da suna mai wuya, rarraba shi gaɓa-gaɓa yadda mu ka saba.

Mu da mu ka yi tafiyar

Ƙanena yana zaune a birnin Farankfut. Yana aiki a wani babban sito na kaya kusa da filin jirgin sama. Ƙarshen shekarar 2018 ya aiko mani takardar gayyata da kuɗin jirgi, na je na yi wata guda wurinsu.

Matarshi ɗiyar unguwarmu ce a Maraɗi. Ba ta taɓa shiga lakol ba. Tun tana ƙarama talla ta ke yi ma uwarta. A 2004, tana da shekara 17, ta shigo ajinmu na yaƙi da jahilci, ajin bayan la'asar, ƙarƙashin rumfar kara. Ranar farko ko bik ba ta iya riƙewa ba. Ƙawayenta sun yi ta yi mata dariya, suna cewa ta tafi neman aikin biro. Ta yi shekara biyu ba ta fashi. Lokacin ba maganar aure tsakaninta da ƙanena, balle maganar Turai. Ita dai so ta ke ta iya lissafin cinikinta, kar a cuce ta.

Bayan an yi aure ta bi mijinta a 2007. Can akwai makarantar koyon Jamusanci ta baƙi, darasin awa 600. Wanda bai san baƙaƙen boko ba, sai an fara koya mashi su tukuna, ajinshi ya fi daɗewa. Ita da a ka gwada ta, a ka tarar ta san a, ba, ca, da. Jamusanci da Hausar boko baƙaƙensu kusan ɗaya ne. Sai a ka wuce da ita gaba.

Suna da ɗiya biyu: mace mai shekara 9 a lokacin, da namiji mai shekara 5. Da a ka ba yara hutun ƙarshen shekara, ƙanena ya ce: "Yaya, ba ka komawa gida sai ka taka ƙanƙara da ƙafarka." Makon farko na Janairun 2019 mu ka kama hanya.

Shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu a ka yi ana shiri.

Na farko, tayoyin mota. Can taya iri biyu ce: ta zafi da ta ɗari. Ta ɗari robarta ta fi laushi, zanenta ya fi zurfi, don ta kama hanya mai santsi. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku. Tun 2010 doka ta hana hawa hanya mai ƙanƙara da tayar zafi. Wanda a ka kama sai ya biya tara.

Na biyu, wurin zaman yara. Duk yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma tsawonshi bai kai mita 1 da rabi ba, sai an sa mashi kujerarshi ta musamman, an ɗaure shi da bel. Ba a rungume yaro bisa cinya yadda mu ke yi cikin motar kasuwa.

Na uku, tufafi. Riga uku bisa juna, wando biyu, safar hannu, safar ƙafa, hula mai rufe kunne, takalmi mai kauri. Da na gama sawa, yarinyar ta dube ni ta ce: "Baba, ka zama buhu!"

Uwar yara ta rubuta duk abin da za a ɗauka bisa takarda ta manna ga ƙofa: bargo, ruwa, shayi cikin tarmos, dabino, tocila, ƙaramin shebur, maganin yara. Abin da ya shiga mota, ta ja mashi layi.

Bisa hanya

Ƙarfe 6 na safe mu ka tashi, duhu kamar tsakar dare. A wannan lokaci rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma wajen ƙarfe 4 da rabi na marece ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Alƙibla ma ta sake wuri. Nan gida gabas mu ke duba, mu ɗan karkata arewa. Can kudu maso gabas a ke duba.

Tafiyar ta kusa kilomita 500, ba ta kai Maraɗi zuwa Yamai ba. Babbar hanyarsu sunanta Autobahn. Layi biyu ko uku masu zuwa, biyu ko uku masu dawowa, da shingen ƙarfe a tsakiya. Ba amalanke, ba jaki, ba mai tafiya ƙasa. Ba igiyar biyan kuɗin hanya ga ƙananan motoci. Wasu wuraren doka ba ta ƙayyade gudu ba, shawara kawai a ka bada ta kilomita 130 a awa. Amma ranar da ƙanƙara ke zuba, kowa ya san ya rage.

To ga abin da na ke so ka lura da shi. Nan gida in ka ɓace, sai ka tsaya gindin itace ka yi sallama, ka ce: "Don Allah ina hanyar Tasawa?" Can ba wanda za ka tambaya. Tsayawa ma bisa wannan hanya laifi ne, in ba mota ta lalace ba. Hanyar ita ke yi maka magana, kuma da rubutu ta ke yi. Manyan alluna shuɗɗa, rubutu fari. Kowace hanya da lambarta. Mun bi A3 har Nurambag, mu ka koma A9 har Munik, sa'an nan A95 zuwa duwatsu. Bisa allo ba a rubuta Munik ba, München a ka rubuta. Shi ne babban birnin jihar Bayern, wadda samarinmu su ka sani saboda ƙwallo. In ka ga kalmar Ausfahrt, wato mafita ke nan. Wanda ya wuce mafitarshi, sai ya ci kilomita da yawa kafin ya samu wurin juyowa.

Kusa da Nurambag mu ka tsaya wurin hutawar matafiya. Mu ka sha shayi, mu ka yi salla. Ƙanena ya yi aikin dare duk makon, idonshi ya yi ja. Sai ya miƙa ma matarshi makulli, ya koma gefe, bai daɗe ba ya yi barci. Ita ta ja mu sauran tafiyar. Ta samu parmi tun 2014. Kafin a gwada ka da mota can, sai ka ci jarrabawar dokokin hanya, tambaya 30, kai kaɗai da karatunka.

Dusar ƙanƙara

Da mu ka wuce Munik sai ta fara zuba. Kar ka ɗauka irin ƙanƙarar da ke faɗowa da damina ce, mai kashe kaji da fasa ganyen hatsi. Wannan ba ta da nauyi, ba ta da ƙara. Kamar audugar rimi ta ke saukowa. In ta faɗa bisa hannunka sai ta zama ɗigon ruwa. In ta taru a ƙasa, mota ta taka ta, sai ta yi santsi kamar an shafa saɓulu.

Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka zuwa 0. A Maraɗi, daren hunturun da mu ke kwana gaban wuta, ma'auni bai cika sauka ƙasa da 12 ba. Ranar nan allon mota ya nuna 3 ƙasa da 0.

Mu ka ga manyan motoci masu ruwan lemu. Gabansu da faifan ƙarfe mai ture ƙanƙara gefe, bayansu suna watsa gishiri. I, gishiri, ɗan'uwan wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma. Ruwan da ya sha gishiri ba ya saurin daskarewa, shi ya sa.

Can gaba wani allo mai wuta ya kunna rubutu. Direbarmu ta ce: "Malam, Stau. Cunkoso ne a gaba, an yi hatsari." Tun ba mu ga komi ba ta rage gudu, ta kunna fitilun gargaɗi don na baya. Bayan kwana guda sai ga motoci tsaye cik, layi har iyakar gani. Mai gudu da bai karanta allon nan ba, a bayan wata mota zai tsaya, kuma ba da birki ba.

Sai na ga wani abu. Motocin layin hagu duk sun matsa hagu, sauran sun matsa dama. A ka bar fili a tsakiya, ba wanda ya shiga. Ba jandarma, ba mai bulala. Can sai ga motar asibiti ta wuce ta cikin filin nan da gudu. Doka ce rubutacciya, kowane direba ya karanta ta kafin ya samu parmi. Awa biyu mu ka yi wurin. Bargo da shayi da dabinon da a ka ja ma layi bisa takarda, nan su ka yi ranarsu.

A lokacin babbar hanya tana ƙarewa kusa da wani ƙauye Eschenlohe, duk motoci su matsu cikin ƙaramar hanya. A 2022 an buɗe wata hanya ta cikin dutse a Oberau don rage wannan matsi. Mu dai tafiyar awa 6 sai da ta ci mamu awa 9.

Garin da ke gindin dutse

Sunan garin Garmisch-Partenkirchen. Ka ga tsawonshi? Don gari biyu ne a ka haɗa: Garmish da Partenkirshen. Gwamnatin zamanin Hitila ta haɗa su a 1935, saboda wasannin Olimpik na lokacin ɗari da a ka yi can a 1936. Mutanen garin wajen dubu 27 ne, bai kai Tasawa yawan jama'a ba. Amma baƙi ba su yankewa, rani da damina.

Mun kama hayar ɗaki biyu da madafa wurin wata tsohuwa. Ba mu tarar da ita ba. Ta bar makulli cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, ta aiko lambar buɗewa a rubuce. Cikin ɗaki ga wata takarda: yadda a ke kunna abin ɗumama ɗaki, inda a ke zuba kowane irin shara, lambar likita.

Da gari ya waye na ga gidajen. Rufinsu mai gangare ne, bangayensu da zane-zanen mutane da furanni. Sun tuna mani da adon gidajen unguwar Birni a Damagaram. Tun da sassafe kowane mai gida ya fito da shebur yana share ƙanƙarar ƙofar gidanshi. In wani ya zame ya karye don ba ka share ba, kai za a tambaya.

Abin da ke kawo baƙi shi ne wasan sulɓi. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu ga ƙafa, ya riƙe sanda biyu, ya gangaro daga bisa dutse. Kowace gangara da launinta bisa allo: shuɗi ta masu koyo, ja ta waɗanda su ka iya, baƙi ta gwanaye. A bakin gari akwai wata doguwar hasumiya mai gangare. Kowace ranar 1 ga Janairu a na gasar tsalle daga bisanta. Gwanayen kan tashi sama su wuce mita 130 kafin su sauka, wato sun fi tsawon filin ƙwallo.

Akwai kuma allon da ba na wasa ba. In ƙanƙara ta taru da yawa bisa dutse, takan zabto gaba ɗaya ta binne mutane. Kullum a na auna wannan hatsari a rubuta lamba, daga 1 zuwa 5. Lamba 1 da sauƙi. Daga 4 zuwa 5, mai hankali ba ya barin hanyar da a ka shata.

Hawan dutse

Sunan dutsen Zugspitze. Tsawonshi mita 2962. Dutsen da ya fi tsawo a Nijar yana cikin Bagzan, ƙasar Abzin, mita 2022. Ka yi lissafi da kanka: na Jamus ya ɗara namu da mita 940. Iyakar Jamus da Ostiriya ta bi ta bisa kanshi. A 1820 wani soja mai awon ƙasa, Josef Naus, ya hau shi da ƙafa tare da abokan tafiya biyu.

Ranar farko ba mu hau ba. Uwar yara ta duba sanarwa tun da safe, ta ce an rufe saboda iska. Sai mu ka kai yara wata ƙaramar gangara, su ka wuni suna sulɓi bisa ɗan katako mai kamar kujera ƴar tsugune. Wanshekare a ka buɗe.

Kuɗin Jamus sunanshi yuro. Yuro guda sefa 656 ne, wato dala 131 da ɗan kai. Tikitin babban mutum guda ya fi kuɗin buhun hatsi lokacin kaka. Ƙanena ya daɗe yana tara ma wannan rana.

Mun hau da jirgin ƙasa. An gama gina hanyarshi a 1930. Inda hawa ya yi tsanani, akwai ƙarfe mai haƙora tsakanin layukan, jirgin yana cizonshi yana hawa, don kar ya sulɓe baya. Ya shiga rami cikin dutse, kilomita 4 da wani abu, duhu ƙirin. Da mu ka fito sai fari fat ko'ina, har ido ba ya buɗuwa sai da baƙin tabarau. Wurin akwai gidan abinci, akwai ƙaramar majami'a, akwai kuma ɗakin salla da a ka keɓe ma baƙi Musulmi tun 2012. Nan mu ka yi azahar. Daga nan wani ƙaramin keken igiya ya ƙarasa da mu ƙololuwa.

Duk mita 1000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen maki 6. Cikin gari mun baro 4 ƙasa da 0. Bisa dutse allo ya nuna 17 ƙasa da 0. Gashin hanci ya daskare. Iska ta yi ƙaranci, taki goma sai ka tsaya ka yi numfashi. Ranar da gari ya yi garau, daga nan a na hangen duwatsun ƙasa huɗu: Jamus, Ostiriya, Italiya da Suwis. Mu gajimare ya buɗe mamu na ɗan lokaci, mu ka ga kawunan duwatsu jere kamar haƙoran zarto, ya sake rufewa. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan, ya yi Tenere.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai yanzu salula na magana. Ita za ta faɗa maka hanya." Gaskiya ne, mu ma ta taimake mu. Amma sai ka rubuta mata sunan garin kafin ta kai ka. Kuma batir ba ya son sanyi. Bisa dutsen nan salular ƙanena ta mutu da sauran cajinta, ta matarshi ta bi ta. Lokacin keken ƙarshe mai sauka yana rubuce bisa allo tun ƙasa. Uwar yara ta riga ta kwafe shi cikin ɗan kayenta.

Mun sauko da babban keken igiya, wanda a ka buɗe a Disamban 2017. Ɗaki ne na gilashi rataye ga igiyar ƙarfe, yana ɗaukar mutum 120. Ginshiƙi guda ke riƙe da igiyar a duk tsawon hanyar, tsawonshi mita 127. Minti 10 mu ka sauka mita 1945, har bakin tabkin Eibsee. Kunnuwana su ka toshe, salati kuwa ban bar shi ba sai da ƙafata ta taka ƙasa.

Bisa dutsen akwai tsohuwar ƙanƙara mai kauri wadda ba ta narkewa ko da zafi. Yanzu tana ƙarewa. A 2022 masana su ka cire wani yanki nata daga lissafi, don ya narke ya zama ɗan kaɗan. Zafin duniya ne ya ƙaru. Har ƙurar hamadarmu iska kan kwasa ta kai can, ta rina ƙanƙara ja, rana ta fi saurin cin ta. Canjin da manomi ke gani ga damina, su ma suna ganin nasu.

Daren zazzaɓi

Daren nan wajen ƙarfe 11 autan ya tashi da kuka, jikinshi zafi rau. Garin baƙunta, ƙanƙara na zuba, ba dangi, ba maƙwabcin da a ka sani. Ubanshi ya tashi zai ɗauko makullin mota. Uwar ta ce ya dakata. Ta sa ma yaron ma'auni: 39. Ta ɗauko kwalbar maganin zazzaɓi daga jaka. Ta duba ranar mutuwar maganin, da saura. Ta warware takardar da ke cikin kwali, ta bi layi da yatsa har inda a ka rubuta nauyin yaro, don maganin yara da nauyi a ke auna shi. Ta ja daidai abin da a ka ce, ba ƙari ba ragi. Sa'an nan ta buga lambar likitan dare, 116117, ta yi bayani. A ka faɗa mata alamun da in ta gani ta kira 112 nan take, in ba ta gan su ba ta kawo shi da safe.

Ni ina zaune gefe ina tofa mashi addu'a. Sai na ga ta buɗe kayenta tana rubutu. Da ta tashi ɗebo ruwa, kayen na buɗe bisa tebur, idona ya faɗa kai. Da Hausa ta rubuta: "Ƙarfe 11, zafi 39, na ba shi magani. Kar a ƙara sai ƙarfe 5." Ga ƙ ɗin nan da ƙugiyarta, yadda mu ke yin ta bisa allo ƙarƙashin rumfar kara. Mai karatu, ban ce komi ba. Na dai fita baranda na ɗan tsaya cikin sanyi.

Ka san amfanin wannan layi guda? Uwa da ta firgita cikin dare tana iya manta ta bada magani, ta sake ba da. Ko uba ya tashi ya ba da bai san an riga an ba da ba. Maganin zazzaɓi in ya yi yawa yana ɓata hanta. Da safe likita ya tambayi lokacin da abin ya fara, da abin da a ka ba yaron. Ta buɗe kaye tana karantawa da Hausa tana juya mashi da Jamusanci. Ciwon kunne ne. A ka rubuta magani, kwana biyu ya warware.

Saura kwana guda cikin kwanakin da mu ka biya, sanarwar yanayi ta ce ƙanƙara mai yawa na tafe. Ƙanena ya ce kuɗin ɗaki za su tafi banza. Matarshi ta ce: "Baban yara, kuɗin kwana guda ne. Ka karanta da kanka ka gani." Ya karanta, ya yi shiru, ya fara ɗaure kaya. Ƴan kwanaki bayan mun koma Farankfut, hukuma ta yi shelar halin bala'i a yankin Garmisch-Partenkirchen da wasu yankuna huɗu na Bayern. An rufe hanyoyi da makarantu. Sojoji da ƴan agaji su ka hau rufin gidaje suna kwashe ƙanƙara don kar nauyinta ya rusa su.

Rumbu

Da mu ke fita garin, na ga ƙananan bukkokin katako warwatse cikin fili, ƙanƙara ta rufe su rabi. Na tambaya. A ka ce rumbunan ciyawa ne. Manoman wurin suna yankan ciyawa lokacin zafi, su shanya, su adana. In ɗari ya zo shanu ba su fita, wata da watanni suna cikin ɗaki, abin da a ka tara shi za su ci. Na ce ashe su ma sun san harawa da kara da mu ke ɗorawa bisa rumfa tun kaka. Ba wanda ke yankan ciyawa ranar da ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Karatu haka ya ke. Yarinyar nan ta zuba shi rumbu a 2004 don cinikin ƙosai. Ba ta san za ta ci shi bisa hanyar Munik ba, ko cikin daren da ɗanta ke zafi. Kai ma ba ka san inda naka zai yi maka rana ba. Ba sai ka je Jamus ba. Takardar asibiti tana nan. Rasit na awon taki yana nan. Takardar gona, da saƙon kuɗi cikin salula, da kwalin maganin ƙwari mai hoton ƙoƙon kai, duk suna nan gidanka.

Kuma kar ka ji kunyar zama aji da furfura. A Jamus ɗin ma, wani bincike da jami'ar Hambug ta yi a 2018 ya nuna manya miliyan 6 da dubu 200 ba su iya karatu da rubutu sosai ba, kuma fiye da rabinsu Jamusanci ne harshen da su ka tashi da shi. Su ma suna da ajin dare irin namu. Gemu ba ya hana ilimi, can da nan.

Ga aikin gida. In ka koma yau, ɗauko kwalba ko kwalin maganin da ke cikin ɗakinka. Nemi inda a ka buga wata da shekarar da zai mutu. Kwafe lambobin cikin kayenka. In ba ka gane ba, kar ka ba kowa shi. Zo da shi aji gobe bayan la'asar, mu karanta tare.